Fitilar da Na Bari a Kunne

Aji biyu na yi a makarantar boko, shi ma na biyun rabinsa a kan mangwaron bayan aji na yi shi. Amma sitiyari na san shi. Shekara tara ina tuƙa tsohuwar jif ɗin wani Alhaji a Suleja, ɗan kwangilar yashi da tsakuwa, mai tifofi huɗu da ke kai kaya Abuja a shekarun da gwamnati ta taso daga Legas, ko'ina ka duba gini ake yi.

Tsohuwar nan na san halinta. In za mu shiga taɓo sai in sauka, in murɗa wani ɗan kai da ke tsakiyar kowace tayar gaba, in dawo in ja ƙaramar giya, sannan tayoyi huɗu su ɗauka tare. In mun hau kwalta in sake sauka in kwance. Aikin ke nan, kuma ina yin sa da yanga, musamman in akwai 'yan kallo.

Sai Alhaji ya sayo sabuwa, irin wadda kamfanin ya sake wa fasali gaba ɗaya. Inji mai filogi shida, ba kafireta irin ta tsofaffin motoci, da kansa yake auna man da zai sha. Ka tayar da ita sai ka sa kunne kafin ka yarda ta tashi. Tayoyin gaba sumul, ba abin murɗawa, wai duk huɗun kullum cikin ja suke. Mutumin da ya kawo ta daga Kaduna ya ce in zauna ya nuna min abubuwa. Alhaji na tsaye, direbobin tifa na tsaye. Na ce, "Malam, lokacin da na fara tuƙi kai ko keke ba a ba ka aro." Aka yi dariya. Ya miƙo min littafin motar, duk Turanci, na buɗe ina gyaɗa kai kamar mai duba kuskure. Ya ga haka ya kama hanyarsa.

Kwana uku bayan nan na gano wani maɓalli kusa da sitiyari, da zanen tayoyi huɗu a kansa. Na danna. Wata 'yar fitila ruwan lemo ta kama a gabana, gwanin kyau. Na ce a raina, to, wannan shi ne ƙarin ƙarfi, su Turawa sun ɓoye shi don rowa. Na bar ta a kunne.

Mako biyar ina zirga-zirga tsakanin Suleja da Abuja a haka, a kan busasshiyar kwalta. In na zo kwana sai sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su riƙa kuka, motar tana ɗan tsalle kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Alhaji ya taɓa tambaya daga kujerar baya, "Direba, lafiya take wannan gurnanin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, riƙe ƙasa take yi. Ai abin da ka saya ke nan." Ya ji daɗi har ya maimaita wa abokansa.

Mai gyara wa Alhaji motoci wani Bayarabe ne da ke da gareji wajen Bagama, muna ce masa Injiniya. Tifofin nan huɗu su ne abincinsa, da su yake riƙe da mata da 'ya'ya biyar a gidan haya. Mutumina ne. Ina tsokanarsa cewa hannunsa ya fi gindin tukunya baƙi, yana ce min Oga Direba mai digiri a hon. A mako na huɗu shi ya juye wa sabuwar motar mai, na inji da na giya.

Ranar da abin ya faru na sauke Alhaji a gida ke nan, na nufi Maje in ɗauko masa doya. Ina shan wata kwana sai na ji ƙara a ƙarƙashina kamar an saki turmi a kan siminti. Mota ta tsaya tana kakkaɓi. Tifarmu ce ta ja ni zuwa gareji.

Injiniya ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya zauna a kujerata ya murɗa makulli. Fitilar ta kama. Ya daɗe yana kallonta.

"Oga Direba, tun yaushe wannan take ci?"

"Ta ƙarfi? Ai tun zuwan motar."

Ya dafe kai. Sai ya ɗauko wani dogon bututun ƙarfe, ya ba ni gaba ya riƙe baya, ya ce mu zagaya wata durom da ke tsakar garejin. Muka zagaya, ni da babbar rigata.

"Taku nawa ka yi?"

"Ban ƙirga ba."

"Tara. Ni shida, don na baya yanke kwana yake yi. Haka tayoyin gaba da na baya suke. Akwai wani akwati a tsakiya da ke barin kowa ya yi takunsa. Maɓallin nan ɗaure su yake, dole su yi taku ɗaya. A taɓo ƙasa tana santsi, ba komai. A kwalta fa, wa zai haƙura? Ƙarfe ne zai haƙura. Ga shi ya haƙura."

Bayanin ya shige ni sarai, ban taɓa fahimtar wani karatu kamarsa ba. Ina cikin fahimtar ne na hango motar da ta kawo Alhaji. Injiniya ya tafi tarbarsa. Ni kuwa na zura hannu ta taga na danna maɓallin.

Alhaji ko gaisuwa bai amsa ba. "Motar da ba ta yi wata biyu ba! Wa ya taɓa ta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai tuƙi nake. Ba wanda ya sa mata sifana sai Injiniya."

Injiniya ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, a tambayi direba maganar fitila."

"Wace fitila?" in ji ni.

Alhaji ya murɗa makulli da kansa. Ba fitila. Da na tsaya nan ma da sauƙi, amma bakina bai san birki ba. Na ƙara da cewa, "Ka san su mutanen kafireta ne, wannan ta fi ƙarfin karatunsu."

A gaban masu shayi da masu faci Alhaji ya wanke shi tas. Ya ce ya zuba mata man da ba nata ba, ya ce kada ya ƙara ganin tifarsa ko ɗaya a wurin. Injiniya ya koma gefe. Yana ta goge hannu da tsumma, hannun da ba abin da ya rage a goge.

Aka kai motar Kaduna aka gyara. Na daina bi ta Bagama, ko an aike ni can sai in zagaya. Direbobin tifa suka riƙa kawo labari: sauran masu manyan motoci ma sun janye, tunda an ce ya kashe sabuwar jif.

Da damina ta yi nisa muka tafi gonar Alhaji a bayan Garam. Muka faɗa wani taɓo har ƙofa. Na tsaya, na ja ƙaramar giya, na danna maɓallin, na ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Ta fito kamar mai fita daga wanka. Muna taka tsandauri na kashe.

Alhaji ya yi tafi. "Kai, direba! Wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Injiniya."

Ban shirya faɗa ba. Amma da maganar ta fita sai sauran suka biyo, har hannun da na zura ta taga. Ina magana ina kallon sitiyari, ina jiran a ce in ajiye makulli in taka zuwa gida.

Alhaji ya bari muka wuce gonaki biyu. Sannan ya ce, "Wa ka faɗa wa?"

"Kai kaɗai, ranka ya daɗe."

"To ya tsaya nan. Na zagi mutum a gaban jama'a, yanzu in koma in ce direbana ne ya mai da ni wawa? Tuƙa mu je."

Washegari na je garejin da ƙafa. Na tarar da shi tsugune yana kwance injin niƙa, filin da tifofi ke tsayawa duk ciyawa ta fito. Na yi sallama ya amsa. Na ce na faɗa wa Alhaji gaskiya, na ce ya yafe min don Allah.

Bai ɗago ba. "Ka kyauta. Tifofin fa?"

Na tsaya ina murza hula.

"To, ka gai da Alhaji," in ji shi, ya ci gaba da kwance injinsa.

Tifofin ba su koma ba. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya bar Suleja, ban san inda ya nufa ba, kuma ban iya tambaya ba. Ni kuwa na ƙara shekara shida a kujerar nan, ana nuna ni ana cewa duk garin ba wanda ya san sabuwar jif kamata.