Karfasar da Na Mayar Cikin Ruwa

Cikin duk kwanakin da na yi a wannan aiki, akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina, ranar da aka kama ni ina ɓarna alhali ni ban san ɓarna nake yi ba. Ku sababbi ne, gara ku ji daga bakina. Ga Mamman can a baya yana murmushi, in na bar masa labarin nan sai ya zuba gishirin da ba za ku iya haɗiyewa ba.

Ni Ishaƙu ɗan masunta ne, daga Mai Wurno a bakin Nilu, can Sudan. Da na zo Jidda na yi dako a kasuwar kifi, na yi gadi, na yi duk abin da ya samu. Bayan an rushe unguwarmu ta Karantina muka kwashe komatsanmu zuwa unguwar Sharafiyya, kuma a lokacin ne Allah ya haɗa ni da wannan gidan renon kifi na Madinar Masana'antu. Matsayina lebura, sama da ni akwai mai duba aiki, sama da shi akwai Duktura. Kamfanin ne kafilina. Ga wanda bai sani ba, wannan na nufin iƙamata, wato takardar izinin zama, da ta matata da ta 'ya'yana uku duk a jikin aikin nan suke rataye. Haka shi ma Mamman, mutumin Maraɗi, wanda aka ɗauke mu wata guda.

Duktura Samira, shugabar sashenmu, haihuwar Jidda ce, jikar alhazai. Hausa tana jin ta tsaf, amma in za ta yi magana rabi Hausa ne rabi Larabci. Ta yi karatu a wata ƙasar sanyi, inda ta yi aiki a kan wani kifi da ake kira salamon. Irin wanda ta yi aiki a kansa bai taɓa ganin teku ba, a tafki yake zaune, in lokacin ƙwai ya yi sai ya hau rafi ya zuba a can sama. Da aka datse rafin, aka kuma zuba baƙin kifaye a tafkin, ya kusa ƙarewa, sai suka duƙufa wajen mayar da shi. Ta ce mu ma muna da irin wannan matsala a duwatsun gabas da Jidda. Akwai wani dam, akwai kwazarin da ke zuba masa ruwa, akwai kuma wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda tun asali a nan Allah ya ajiye shi. Mu a wurin aiki ɗan gida muke ce masa. In an yi ruwa yakan baro dam ya hau kwazari ya zuba ƙwai a kududdufan da ke tsakanin duwatsu. To wani ya taɓa zuba karfasa a dam ɗin, wadda a nan ake cewa bulɗi, ta hayayyafa ta mamaye kududdufan, tana cinye masa ƙwai da abinci.

Na ɗaga hannu na ce, "Duktura, shi wannan ɗan gidan ana cinsa?"

Ta ce, "La, ya ammi," wato a'a, baffa.

"Ana sayarwa?"

"La."

"To karfasar fa?"

"Ita za mu fitar duka."

Wallahi kaina ya ɗaure. Mu a gida karfasa ce ta ciyar da mu, ita ta yi mana sutura, ita ta aurar da yayyena. Yau ga shi an ce ita ce mai laifi, wannan tsigigin abin da ko kyanwa ba za ta duba ba shi ne ake ta wahala a kansa. Da muka fito Mamman ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ishaƙu, kar ka wahalar da kanka. Karfasa ba ta da iƙama, halas, magana ta ƙare."

Tsarin aikin kamar yadda aka shimfiɗa mana mataki uku ne. Da farko a kafa ragar ƙarfe mai ƙananan ido a ƙasan babban kududdufin, don kada karfasar dam ta hau. Wannan Mamman aka ba, da yake shi ya iya walda. Na biyu a tsame duk karfasar da ke cikin kududdufin. Na uku a kawo 'yan gidan da muka rena a tankuna a sake su. Waɗannan kuwa su ne iri na ƙarshe da aka samu a kwazarin, shi ya sa Duktura ta ce rabi za a saki, rabi a bari a tanki.

Muka yi kwana huɗu muna tsamar karfasa, a ƙarshen sanyi. Ana rage ruwa da famfo, a ja taru daga wannan baki zuwa wancan, abin da aka kama a zube a kan leda a tantance. Can ƙuryar kududdufin akwai wani lungu mai duwatsu inda taru ba ya shiga. Da yake ni kaɗai na iya jefa birgi, komar nan da ake watsawa da hannu, aka bar mini lungun. Na ji daɗi ƙwarai, don rabona da birgi tun ina gida.

A nan na yi abin da na yi. Ku da ba masunta ba ne, ku sani cewa macen karfasa a baki take goyo. Tana kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, har su ƙyanƙyashe, har 'ya'yan su yi ƙwari, ba ta ci ba ta sha. Za ka gane ta da kumburin maƙoshi da yadda take tsuke baki. A gidanmu ba a ɗaukar irin wannan. Tun ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya taɓa kwaɗa mini igiya a bakin ruwa saboda na jefa guda a kwando, ya ce wanda ya ci uwa da goyo ya ci abincin baɗi. Tun daga ranar, in ta shigo hannuna, kafin in yi tunani ta koma ruwa. Kamar yadda mutum ke tuɓe takalmi a ƙofar masallaci ne, ba ya tsayawa ya yanke shawara. To a kwana huɗun nan duk karfasar da na kama na kai leda, amma mai goyo hannuna ya mayar. Ku yarda ko kar ku yarda, a kaina ban mayar da karfasa ba. Uwa na mayar.

Aka saki 'yan gida. Duktura da kanta ta shiga ruwa, tana ɗora ledojin a kan ruwa su huce kafin ta buɗe, tana ta "Bismillah, yalla, yalla." Har da hawayenta.

Bayan kamar wata biyu muka koma dubawa. Muna isa bakin ruwa na ga gefen kududdufin ya yi baƙi da ƙananan kifi. Na yi murna na ce, "Duktura, barka, sun hayayyafa!" Ta tsugunna ta ɗebo da ɗan kwando, ta duba, sai fuskarta ta canza. 'Ya'yan karfasa ne, ba iyaka. Aka ja taru ana neman ɗan gida, da ƙyar aka samu 'yan tsiraru, ko ƙwai ɗaya babu a jikin duwatsu.

Daga nan aka shiga ruɗani. Mai duba aiki ya ce makiyaya ne suka zuba. Aka je aka tambaye su, suka ce su da kifi ko a faranti ba sa shiri. Wani ya ce tsuntsaye ne suka ɗauko. Wani ya ce akwai hanyar ruwa ta ƙarƙashin dutse. Ni kuwa, Allah shi ne shaida, na fi kowa zafin nema. Na nutsa na lalube ragar Mamman da hannu, kusurwa zuwa kusurwa, har yatsuna suka tsage. Ban samu huji ba. Na kwana biyu ina tambayar matata, "Hajara, ta ina kifi zai shiga wurin da babu ƙofa?" Ta ce in tambayi masu digiri, in bar ta ta yi girkinta.

Da aka rasa wanda za a ɗora wa, sai aka koma kan raga. Mai duba aiki ya rubuta a rahoto cewa ba a kafa ta da kyau ba, ruwa ya ɗaga ta sannan ta koma. Mamman ya rantse har ya gaji. Kwantiraginsa kuma saura 'yan makonni a sabunta, kowa ya san abin da rahoton nan zai jawo. Mutumin da ba ya rufe baki don raha ya koma shiru, ko shayi ba ya zama sha da mu. Na tausaya masa matuƙa, ina ta cewa ya yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Ni ɗin nan nake faɗa masa haka!

Sai ga Larabar. Duktura ta ce a sake tsamar karfasar, kuma wannan karon za ta tsaya kusa da kowa ta ga yadda yake aiki. Da hantsi ta zo lunguna ta tsaya a kan dutse. Na jefa birgi, na jawo, karfasa uku. Biyu na cilla a bokiti. Ta ukun maƙoshinta a kumbure. Sai ji na yi ruwa ya yi ɓulum.

"Ammi Ishaƙu," in ji Duktura, a hankali. "Lesh? Don me ka mayar da ita?"

Na ce, "Wa?"

"Kifin."

Na dubi hannuna, na dubi ruwa. Na ce, "Ai tana da goyo." Na faɗe shi ne yadda za ka gaya wa mutum yau Laraba. Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ta da kunnena, sannan na gane abin da na aikata.

Ta ce, "Wancan karon ma haka?"

Na so in ce a'a. Wallahi na so. Iƙama biyar ne suka taso mini a ido lokaci guda. Amma ga Mamman tsaye a bakin ruwa da igiyar taru a hannu, yana kallona da baki buɗe. Na ce, "Haka, Duktura."

"Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba. Shida, ko bakwai. Ba raga ba ce. Ni ne."

Mamman ya saki igiya ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Innalillahi. Kai da ka nutsa kana duba mini raga?" Na ce ni ne. Ya ce, "Kai da kake ba ni haƙuri?" Na ce ni ne dai.

Washegari aka kira ni ofis. Na riga na gaya wa Hajara ta fara tunanin abin da za mu sayar da abin da za mu ɗauka. Duktura ta sa na zauna, ta ce in yi mata bayani tun daga farko. Na faɗa mata maganar mahaifina da igiyarsa. Sannan ta tambaye ni yadda nake gane mai goyo ban buɗe bakinta ba. Na ce ai ko tana cikin ruwa ina gane ta, daga yadda take ware kanta a gefe, ba ta bin abinci. Ta ce ita sai ta kama ta buɗe baki. Ta ce za ta janye rahoton Mamman, ta rubuta gaskiya, kuma za a ba ni takardar gargaɗi, ba makawa. Amma saura rabin 'yan gida a tanki, in ba a sake su kafin zafi ya sauka ba ruwan zai ƙafe, kuma in uwa ɗaya ta rage a kududdufin an sake komawa baya.

"Kai ka san su, ya ammi," in ji ta. "Kai za ka fitar da su. Su kawai. Za ka iya?"

Na ce zan iya. Me zan ce?

Ranar farko na fitar da goma sha ɗaya, ashe sun fi yadda na faɗa yawa. Kowacce in na ɗora ta a leda sai ta buɗe baki, 'ya'yan su zubo suna motsi. Mamman, wanda ya yi mako bai kula ni ba, ya matso ya ce in riƙa nuna masa shi ya ɗauka. Na ce a'a, ni na ɓata, ni zan gyara. Sai dai ya tsaya kusa da ni, yana riƙe mini wuyan hannu in ya ga na fara karkata wajen ruwa. Sau biyu ya kama ni.

An saki sauran 'yan gidan, sun kama, su ne kakannin waɗanda za ku gani a kwazarin gobe. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, takardar ɗaukar aiki ta tambaye ku shaida da shekarun ƙwarewa, ba ta tambaye ku abin da hannunku ya koya a gida ba. Ku faɗe shi da kanku tun yau, ko kuna ganin ba komai ba ne, don wani na iya rasa zamansa a kai. In kuma kun tambaye ni wa ke da gaskiya tsakanin mahaifina da Duktura, har yanzu ban sani ba. Ina ganin kowa da ruwansa.

A ƙarshen wancan makon mahaifina ya kira daga Mai Wurno, ya tsufa, ido ya tafi. Ya ce, "Ishaƙu, an ce kifi kake renawa a ƙasar da babu kogi?" Na ce haka ne, Baba. Ya yi dariya ya sa mini albarka. Sannan ya ce, "Kana dai mayar da masu goyo ko?"

Na ce, "Baba, layin ba kyau, ba na jin ka sosai."