Ciyawar Teku a Kwalbar Turshin Umma

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji huɗu na yi na bar makaranta, daga baya na kama sitiyari, kuma har yau bayana bai yafe mini ba. Amma na san abu ɗaya da masu karatu da yawa ba su sani ba: yadda ake raya ciyawar teku a cikin kwalba. Kakata ce ta koya mini a unguwar Hindawiyya ta Makka, a farkon shekarun sittin, ita da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Mu jikoki muna ce mata Sitti, kamar yadda 'ya'yan Larabawa suke kiran tasu, ita kuwa ba ta amsawa sai an ce Iya. A ƙasa ta tako daga Haɗeja, ta daɗe a Sawakin, bakin tekun Sudan, tana jiran jirgin da zai haye da su. A can ta ga abin da bai taɓa barin bakinta ba: ciyawa kore shar a ƙarƙashin ruwan gishiri, tana kaɗawa kamar shinkafa a fadama. Duk wanda ta ba labarin sai ya yi dariya. A Makka ko a tudu ciyawa da ƙyar take fitowa, balle a ce cikin gishiri. Gwiwoyinta kuma ba za su kai ta Jidda ba, bare ta nuna wa mutane.

Baba yana jan babbar mota tsakanin Jidda da Makka. Ran nan ya shigo da wando jiƙe har cinya, da bokiti a hannu, da garwa cike da ruwan teku. Ciyawar ce ya haƙo da saiwarta da yashinta. Ya ɗauki ƙatuwar kwalbar da Umma take jiƙa turshi, wato kayan lambu masu tsami, ya wanke. Umma ta tsaya a bakin madafa ta ce, “Ranar da ciyawar nan ta mutu, kwalbata ta dawo. Halas, magana ta ƙare.”

Mun shimfiɗa yashi kamar yatsu huɗu, muka binne saiwar, Baba ya tsiyaya ruwan ta kan tafin hannunsa don kada ya tone shukar. Katantanwa biyu ƙanana sun biyo yashin. Iya ta ɗaura jan zare a wuyan kwalbar daidai inda ruwan ya tsaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “To, wa ya yi ƙarya?”

Ni aka ɗora wa kula da ita. Da safe in kai ta rana, kafin azahar in janye ta inuwa, in naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu kamar tulun sha. Duk mako Baba yana kawo sabon ruwa.

Sai aikin Hajji ya zo, Baba ya tafi jigilar alhazai, mako uku ba mu sa shi a ido ba. Zafi ya yi ta shan ruwan, ya sauka ƙasa da zare. Ni da wayona na ce ai 'yar teku ce, gishiri take so. Kullum in ɗebi ruwa a garwar mai kawo mana ruwa, in saci gishirin Umma cike da hannu, in dama in zuba. Ganyen ya fara ja, ya koma kamar dafaffen zogale. Katantanwar suka hau can sama suka maƙale. Umma ta fara leƙa kwalba tana zancen lemun tsami da kabewa.

Bayan magariba mukan kewaye kaskon gawayi a tsakar gida, butar shayi a kai. Ran nan Iya ta sa na kawo kwalbar kusa da ita. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar. Ta dube ni.

“Angona, zo nan. Da kai nake aure, amma ba zan ci girkinka ba.”

Na fara rantsuwa. Ta ɗaga hannu. “Uskut, rufe baki. Ku ba ta wuri, ga ta nan ta iso da ƙurar hanya.” Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce, “Ta zauna mu ji.”

Wai wata mata ce ta yi baƙuwa daga bakin teku. Daren farko baƙuwar ta yaba miya, ta ce gishirinta ya yi daidai da na garinsu. Matar ta ji daɗi, ta ƙi sauke tukunyar daga murhu don kada daɗin ya gudu. Kullum miya ta ƙafe, kullum ta ƙara ruwa kaɗan da gishiri mai yawa, tunda shi baƙuwa ta yaba. Baƙuwa mai kunya ce, tana ci tana shiru, tana ramewa, har zobenta ya faɗi daga yatsa. Matar ta tafi wurin wata tsohuwa tana kuka. Tsohuwar ta kife faranti a kan tukunyar, ta ɗaga, ta ce ta lashi gumin da ya taru. Ta lasa, ta ji salam. Tsohuwar ta ce, “Kin ga wanda ya tafi. Gishiri yana nan bai je ko'ina ba. Mayar da wanda ya tafi.”

Iya ta gyara garwashi ta ce, “Ta ƙare, ta naɗe tabarmarta. Ya walad, ɗauko mini butar Zamzam.”

Umma ta ce, “Zamzam ɗin za a ba ciyawa?”

“Ita ma baƙuwar Allah ce. Ta teku ta zo, kamar ni.”

Ba ta bari na juye gaba ɗaya ba. Finjali ɗaya a kwashe, finjali ɗaya a zuba, safe da yamma, ita kuma tana lasa tana yamutsa fuska, har ranar da ta ce, “Yauwa, wannan shi ne Sawakin.” Rabin ciyawar ya mutu. Amma kafin Baba ya dawo, wani siririn ganye kore ya huda yashi. Iya ta sa aka kira matan layinmu kaf su zo su gani. Umma ta sayi wata kwalbar. Na daɗe ina ɗauka albarkar Zamzam ce kawai. Ban ƙaryata albarka ba, amma Iya ta san abin da take yi.

Sai da na haifi nawa na gane sauran. 'Ya'yana a Makka suka tashi, Hausa tana ƙafewa a bakinsu. In dawo daga tuƙi a gajiye, in hau su da faɗa: ku ba Larabawa ba ne, ku san asalinku, ku ji kunya. Kullum ina ƙarawa, kullum suna ƙara hawa sama suna maƙalewa a ɗakinsu. Wata rana autata Maryam ta ce mini da Larabci, “Abuya, mun san mu Hausawa ne. Kai ne ba mu gani.”

Na ji ɗanɗanon maganar a harshena.

Yanzu akwai ɗan akwatin gilashi a bakin tagarmu, da yashi da ciyawa daga Jidda. Bayan magariba ina ajiye makullin mota, in dafa shayi, in zauna. Ba na kiran kowa. Maryam ce take duba zare, ta kawo buta. Jiya tana zubawa ta ce, da Hausarta mai karyayyen ƙafa, “Baba, matar nan mai miya, baƙuwar ta warke?”

Na ce zauna ki ji.