Roba Mai Laushi don Bayan Clarrie

Duk faɗin garin Tarrawinna babu wanda ya isa ya koya wa Dulcie Treloar mota, kuma in ka san tarihinta ba za ka ga laifinta ba. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ubanta ya ɗora ta a kan buhun dusa don ta hango gaba, ya ce ta bi bayan tumaki da tsohuwar akori-kurarsa. Tun daga ranar sitiyari bai bar hannunta ba. Shekara talatin da huɗu ta yi tana kai wasiƙu da kayan masarufi gidajen makiyaya da ke warwatse a daji. Ta sauya taya cikin laka har gwiwa, ta ɗaure salansa da wayar shinge, ta taɓa jawo motar ɗan sanda daga rafi tana zazzaga masa faɗa. Abu ɗaya wannan rayuwa ta koya mata: duk abin da ba shi da tauri, hanya za ta cinye shi. Takalminta mai tauri ne, burodin da take gasawa mai tauri ne, maganarta kuwa ba a cewa komai.

Mijinta Clarrie shi ne ruwan sanyin gidan. Shekara arba'in ya yi a sunkuye yana askin tumaki, har bayansa ya gaza, likitoci suka sa masa ƙarfe a ƙashin baya. Bai gama sabawa da wannan ba ƙoda ta ce ita ma ta gaji. Aka yanke masa wankin ƙoda sau uku a mako a Port Augusta, tafiyar kilomita ɗari da arba'in, casa'in daga ciki burji ne mai gargada kamar kwanon rufi. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce in tafiyar ta fi ƙarfin jikinsa, akwai masaukin marasa lafiya a Adelaide, sai ya koma can da zama gaba ɗaya.

Clarrie bai yi musu ba, don bai iya ba. Da suka dawo gida ne ya zauna a baranda, ya daɗe yana kallon bishiyar lemon da ya dasa shekarar aurensu, sannan ya ce, "Ni dai a bar ni in riƙa shan shayina a nan, tsohuwa."

"Wa ya ce za ka wani wuri?" in ji Dulcie. "Muddin ina iya taka giya, Adelaide sai dai ta gan ka a hoto."

Ta sayar da babbar motarta, wadda take ji da ita kamar ɗiya, ta sayi ƙarama wadda Clarrie zai iya shiga ba sai an ɗaga shi ba. Wata takwas suna wannan sintiri lami lafiya. Shi yana kujerar hagu, ta mai zaman gefe, don a ƙasar direba a dama yake zama, yana ƙirga jiminu da kangaru a bakin hanya, ita tana zagin hukuma da ta ƙi turo motar gyaran burji. Ana nan sai gaban motar ya fara ƙwas-ƙwas a kan gargada, in ta murɗa sitiyari kuma ya yi gurnani.

Gareji ɗaya ne a garin, na Mirko Banich. Haƙar duwatsu masu daraja ta kawo shi ƙasar yana saurayi, ramuka suka ƙi shi, ya koma ga sufana. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma yana da wata al'ada da kowa ya sani. In ya taɓa ƙafar mota, ba ya miƙa makulli sai ya zaunar da mai ita a kujerar hagu, ya ba shi kofin shayi cike fal ya riƙe, shi kuma ya tuƙa su zuwa burjin bayan maƙabarta su dawo. Fasto ya riƙe kofin nan, ɗan sanda ya riƙe, shugabar makaranta ta riƙe. Dulcie kaɗai ce ba ta taɓa ba. Cewa take ba a haifi wanda zai tuƙa ta ba tukuna.

Mirko ya buɗe bonet, ya danna gaban motar ya saki, ya kasa kunne. Ya nuna mata wani faifan ƙarfe mai noti uku daidai saman taya.

"Mazaunin shokazoba ne," ya ce. "Robar da ke tsakaninsa da jikin mota ta tsage, boris ɗin ma ya ci ƙasa. Duka biyu za a sauya, dama da hagu."

"Na sani. Me kake da shi?"

"Na kamfanin motar, sai na aika Melbourne, mako uku. In kika riƙa tafiya a hankali wannan zai kai ki." Ya nuna kanta da haɓa. "Akwai kuma na kasuwa a kanta. Wancan jan. Mafarauta da masu tseren daji ke saye."

Dulcie ta ɗauko jan ta juya shi a hannu. Nauyi gare shi, ta danna da babban yatsa ko gezau bai yi ba. Ta ɗauki tsohon na wata mota da ke kan benci, baƙar roba, ta danna ta ji ta lotsa. Ta taɓe baki.

"Wannan ai don matan birni aka yi shi, masu zuwa sayen fure. Sa mini jan."

"Jan ba jabu ba ne, kaya ne mai kyau," in ji Mirko. "Da tsohuwar motarki ce da ni da kaina zan ce ki sa shi. Amma uwar direbobi, wannan motar ba wasiƙu take ɗauka ba."

"Kai Mirko, lokacin da nake bin hanyar nan kana can cikin rami kana neman dutsen da ba ka samu ba. Yau kai za ka gaya mini abin da burji ke so?"

Mirko ya ɗauko sufana. Ya ɗaura mata jan. Da ya gama ya ɗora buta a wuta ya ɗauko kofin nan, kafin ruwa ya tafasa ta zare makulli daga ƙusa ta yi gaba.

Kai, ta ji daɗin motar! Ƙara ta ɗauke, sitiyari ya tsaya cak, inda ta nuna nan motar ke bi. Ta shiga kanti tana gaya wa duk mai kunne cewa saura kaɗan bakanike ya sa ta jiran mako uku a kan robar banza. Abin da ba ta lura da shi da wuri ba shi ne Clarrie ya daina ƙirga jiminu. Da sun sauka daga kwalta sai ya kama marikin saman ƙofa da hannu biyu, ya rufe ido. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce rana ce ke damun idonsa. Ta saya masa baƙin tabarau.

Ranar zuwansu asibiti na tara bayan gyaran, wata nas mai suna Rosalie ta ja ta gefe a bakin ɗakin wankin ƙoda.

"Mama, ba na son in tayar miki da hankali, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mako uku ke nan Baba yana isowa jininsa a sama, bayansa a ƙage. Awa huɗun wankin nan ba ya iya kwanta su. Sau biyu muna cire shi daga na'ura lokaci bai cika ba, ya roƙe mu kada mu gaya miki. Likita ya ce in haka ta ci gaba zuwa ƙarshen wata, za a cika takardar Adelaide."

Tsoro Dulcie ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da ambaliya ta rutsa da ita a tsakiyar rafi. Amma mai taurin kai ba ya fara duba kansa. Duk hanyar dawowa hukuma take zagi, da burji, da manyan motocin shanu da suka farfasa shi. Clarrie yana riƙe da marikinsa.

Washegari da safe ta je gareji, ta ce Mirko ya rage wa tayoyin iska, ya kuma nemo mata katifar kujera mai kauri. Ya saurare ta har ta gama. Sannan ya juya ya ɗora buta.

"Ba shayi na zo sha ba."

"Na sani. Riƙewa za ki yi." Ya miƙa hannu. "Makulli."

Wanzami ba ya son jarfa. Ta tsaya tana hararsa, shi kuma hannunsa na nan a miƙe. Da wata rana ce da ta wanke shi tas ta tafi. Amma maganar Rosalie na cikin kunnenta, sai ta ajiye masa makullin, ta zagaya ta buɗe ƙofar hagu. Tana da shekara sittin da takwas, rabonta da wannan ɓangare na mota tun tana yarinya.

Bai yi gudu ba, daidai tafiyarta ya yi. Suna sauka daga kwalta shayin ya yi tsalle ya wanke mata cinya. Haƙoranta suka shiga haɗuwa. Kowane tudu na gargadar nan sai ta ji shi ya taso daga taya, ya bi ta kujera, ya soke ta a tsatso ya fita ta ƙeya. Ta nemi abin kamawa, babu sitiyari. Ashe direba yana hango rami kafin ya iso, ya dafe sitiyari, ya tokare ƙafa, jikinsa ya shirya. Na gefe kuwa sai dai duka ya same shi a zaune. Hannunta ya kai ga marikin saman ƙofa, ta ji fatarsa ta goge ta yi santsi daidai inda yatsun Clarrie ke zama.

"Tsaya," ta ce.

Ko kilomita biyu ba su yi ba. Ta fita ta tsaya a gefen hanya da kofin da ba komai a ciki, ta juya wa Mirko baya. Ita da bayanta lafiya lau ke nan. Shi mai ƙarfe a ƙashi, casa'in zuwa, casa'in dawowa, sau tara, kuma ita ce ta saya masa tabarau. Kuka ta yi sosai, na kunya da na tausayi, Mirko kuwa ya buɗe bonet yana duba abin da bai lalace ba har ta gama.

"Mako uku ka ce," ta faɗa muryarta a dushe. "Ƙarshen wata saura kwana goma. Na kashe shi da hannuna."

"Shekaranjiya suka iso," in ji Mirko. "Ranar da kika gudu da makulli na aika."

Ta juyo tana kallonsa.

"Na ce in kin dawo suna nan, in ba ki dawo ba wani zai buƙata. Amma ki ji tun yanzu, kada ki zo kina zagina. Baƙar robar nan ba za ta wuce shekara ɗaya da rabi ba a hanyarku, za ta tsage kamar ta farko. Jan kuwa sai ya binne mu duka. Dukan hanya dai dole wani ya sha shi, ko roba ko Clarrie."

Kafin azahar ya gama. Wannan karon ba sai da ya ce ba, da kanta ta cika kofin ta zauna a hagu. Shayin ya yi ta rawa a bakin kofi, ya ɗan ɗiga a yatsanta, amma ya kai maƙabarta ya dawo. Gargadar na nan, ba inda ta je, sai dai yanzu daga nesa take jin ta.

Da ta koma gida ta tarar da Clarrie a baranda. Ta zauna kusa da shi, ta ce, "Tsoho, me ya hana ka gaya mini?"

Ya daɗe yana juya kofinsa. "In na ce hanya ta fi ƙarfina, ai kin san abin da za su ce. Gara ciwon baya da Adelaide." Ya ɗan murmusa. "Kuma na ga kina ta murna da motar."

Ranar Litinin suka kama hanya. Da suka sauka daga kwalta ta saci kallonsa, ta ga hannunsa ya tashi zai kama mariki, ya tsaya a sama, ya koma cinya. Can wajen rijiyar makiyaya ya ce, "Jiminu bakwai. Ga ta takwas can bayan shinge." Kafin su kai rabin burjin kansa ya langaɓe a jikin gilashi, yana minshari. Dulcie ta rage gudu, ta kashe rediyo, ko hukuma ba ta zaga ba ranar.

Ya kwanta awa huɗunsa cif, ranar da sauran ranakun. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Rosalie ta ce likita ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Dulcie ba ta iya godiya da baki ba, ba a koya mata ba. Burodi ta gasa ta kai gareji, ta dire a kan benci. Mirko ya danna shi da babban yatsa, ya ce wannan ma ai na mafarauta ne. Ta ce in ba ya so ya bar shi. Ya cinye shi tas.

Shekara biyar ke nan, an sauya robar sau uku, yanzu ana kan ta huɗu. Duk wadda aka cire, Dulcie ba ta bari a jefar. Suna nan jere a kan tagar baranda, baƙaƙe, a tsattsage, duk sun lotse. Baƙo in ya tambayi amfanin wannan tarkace, sai ta nuna masa Clarrie da haɓa, yana zaune yana shan shayinsa yana kallon lemonsa.

"Dukan da zai sha su suka sha," take cewa. "Ba a jefar da irinsu."