Malama Habsatu da Dakalin Alƙasum

Malama Habsatu ta koyar da Ingilishi shekara ashirin da tara a wata kwaleji ta birnin Tawa. Ta ajiye alli a 2019, gwiwoyinta sun gaji, muryarta ta dushe. Bayan shekara huɗu ɗan yayanta Alƙasum, manomi a Takanamat, ya roƙe ta ta koyar da ɗiyarsa Lailatu ta waya. Yarinyar ta faɗi jarrabawar baka ta Ingilishi a bara, domin ba ta ce uffan ba gaban mai tambaya. In ta sake faɗuwa, karatunta ya ƙare.

Kowace Talata da Asabar bayan la'asar, Malama kan jingina wayarta da kwanon sha, ta yi kiran bidiyo. Mako biyar tana tambaya tana maimaitawa, ba ta samun komai sai gyaɗa kai, alhali rubutun da yarinyar ke turowa ba shi da aibu.

Wata rana ta ji tari da dariyar maza a bayan Lailatu.

"Alƙasum, su wa ke nan?"

"Mu ne, Gwaggo. Ni da maƙwabcina Attaher da liman. Rezon waya ba ya kamawa sai nan bisa dakali. Muna saurare, mu ji abin da ta iya."

"Ku da kuka hore ta da sunkuyar da kai, yau kuke so ta ɗaga murya gabanku? Ku tashi."

"Daga ƙofar gidana? Shekara ashirin nan muke shan shayi!"

"Shayin bai san hanyar gidan Attaher ba?"

Suka tashi suna gunaguni. A darasi na gaba Lailatu ta yi magana a kan akuyarta, jimla uku cikakku, da murya ƙasa-ƙasa.

Malama ba ta saki jiki ba, don ta san mai tambaya zai iya zama sa'an uban yarinyar. Saboda haka ta sa aka dawo da Attaher shi kaɗai. Mako biyu yana zaune ya ba su baya, daga bisani ya juyo. Sau da yawa yarinyar ta sake yin shiru, Malama ta lumshe ido ta koma farko.

Ranar jarrabawa Lailatu ta amsa tambaya huɗu cikin shida, idonta na kan tebur. Ta ci da ƙyar. A watan Oktoba ta shiga lise, wato babbar sakandare, a Tawa, Malama kuwa ta kwashe buhunan hatsi daga ƙaramin ɗaki, ta shimfiɗa mata tabarma.