Raggon gidanmu

"Wannan dodo ka rubuta, ba mutum ba. Sake!"

Haka malamin insha'i ya maido mani labarina na wani mai kamen bayi, muna firamare a Dutsin-Ma, shekarun sittin.

Da na je Kurfi na kai ƙara wurin kakata, sai ta ce, "Babana ma ya je kamen. Ya ɗaure wata mai goyo, jaririn ya kama mashi yatsa, ya kwance ta. Har ya rasu raggo ake ce mashi."

Shi na rubuta. Malam ya karanta gaban aji.

Ni jinin raggon nan ne, kuma wallahi ina taƙama da shi. Ku fa, wa aka raina a danginku?