Ranar da Malam Ya Ajiye Ɗansa a Benci

Shekarun baya, tun muna Jihar Arewa maso Gabas, lokacin da komai namu sai an je Maiduguri, an taɓa sallamar mai horar da 'yan ƙwallon kwalejinmu ta Yola. Kwanan nan na ga kuna ta musu a nan kan wani koci da aka kora, wannan ya ce gwani ne, wancan ya ce dama can bai iya ba, shi ne abin ya dawo mini. Mu ma mun yi irin musun nan shekara da shekaru, kuma muryata ce ta fi ta kowa tashi.

Ni dai ban iya ƙwallo ba, gara in faɗa tun yanzu. Sau ɗaya aka taɓa sa ni gola, duk ƙwallon da na kama ran nan daga cikin raga na ɗauko shi. Daga nan na koma bakin fili, kuma a can ne Allah ya ba ni baiwa. Na gama makaranta na kama aikin akawu a Jimeta, amma ko wasan gwaji kwalejin za ta yi sai an gan ni a kan kekena.

Malam, haka kowa ke kiransa, Bafulatani ne na unguwar Makama, maƙwabcinmu. Dogo ne siriri, ba ya dariya a fili. Kafin ya karɓi 'yan wasan, dattawan cikin Yola ba sa yarda 'ya'yansu su sa gajeren wando su bi ƙwallo a gaban jama'a. Shi ya riƙa bi zaure zaure yana lallashinsu har suka saki. Da rani yakan kwashi yaran zuwa bakin Binuwai su yi ta gudu cikin yashi, su dawo suna jan ƙafa. La'asar na yi zai busa usur, ko da kuwa ɗan wasa na gab da zura ƙwallo. Shi ne kuma ya hana binne laya a bakin raga, ya ce wanda ke son ci ya zo yashi.

Ɗansa na fari shi ne abokina. Na ɗan girme shi, amma tare muka tashi, mahaifiyata da mahaifiyarsa ƙawaye ne. A zamaninsa ba a yi ɗan gaba kamarsa a kwalejin ba. To kun san kunyar ɗan fari, ta Fulanin Yola kuwa ta fi ta ko'ina nauyi. Malam yana kiran kowane yaro da sunansa, ban da shi. In yana son ba shi umarni sai ya kira kyaftin ya ce, "Gaya wa na gefenka ya ja baya." In abokina ya ci ƙwallo fili ya ruɗe da ihu, sai Malam ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa. Abokina yakan yi dariyar abin, amma na san yana cinsa. Abin da yake nema a duniya shi ne ubansa ya nuna ya gan shi.

Wata shekara muka kai wasan ƙarshe na gasar makarantun jiha, abin da ba mu taɓa yi ba. Muka yi karo-karo muka ɗauki lori, muka tsallaka kogi a jirgin fito, muka bi ta Song da Gombi, ƙura ta mai da mu ja kamar tubali. Har da 'yan kasuwar Jimeta da ba su taɓa shiga aji ba. Ni na tsaya a kan buhu ina ba da waƙa, tun kafin mu isa Biu muryata ta dishe.

Da 'yan wasa suka fito, na ƙirga su na sake ƙirgawa. Babu abokina. Can na hango shi a benci, sanye da rigarsa, takalmi a ɗaure. Muka ce dabara ce, Malam na ajiye shi ne sai an dawo hutun rabin lokaci. Aka ci mu ɗaya. Aka dawo, yana nan zaune. Muka fara kiran sunansa, muka yi ta kira har 'yan Maiduguri suka taya mu don tsokana. Ina kallo abokina ya miƙe ya je ya tsaya kusa da ubansa. Malam bai juyo ba. Haka alƙali ya tashi wasa, ɗaya da nema.

A hanyar dawowa ba wanda ya nemi in ba da waƙa.

Kafin mako ya zagayo gari ya gama yanke hukunci: kunya ce ta kashe mu. Malam ba ya son a ce ya fito da ɗansa a babbar rana gaban manyan baƙi. Hukumar makaranta ta kira shi. Wani malami da ke wurin ya ba ni labari, ya ce shugaban makaranta ya so ya ba shi hanyar fita, ya tambaye shi a hankali, "Malam, ko akwai wani dalili da ba mu sani ba?" Malam ya dubi tabarmar ofis ya ce, "Ni na ga ya dace ya zauna." Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ba ta canza ba. Aka karɓe 'yan wasan daga hannunsa, aka ce an mai da shi wata makaranta mai nisa. Ya yi godiya, ya ajiye aikin gaba ɗaya, ya koma gonarsa da 'yan shanunsa a Yolde Kohi.

Abokina ya gama makaranta ya tafi Kaduna, ya samu aiki, ya ci gaba da buga wa ma'aikatarsu ƙwallo. Ranar da zai tafi na raka shi tasha. Ya ce mini, "Hamma, ya zaɓi sunansa ya bar ni. Ba komai." Daga nan sai dai ya zo da salla, ya durƙusa ya gaida ubansa yadda ya kamata, ya kwana ɗaya ya juya.

Mu kuwa muka samu abin taunawa. Muna da majalisa a gindin wata bishiyar maina a Damilu, duk yamma sai an tayar da maganar Malam. Akwai wani mai tireda ɗan Borno, shi ne shugaban masu suka. Yakan ce, "Ni ban san wani pulaku ba, wannan kunyar taku ta Fulani. Ƙwallo in ya shiga raga ya shiga, ba ya tambaya ɗan wa ya buga." Akwai kuma wani dattijo ɗan cikin Yola, tsohon ma'aikacin en'e, shi ke kare Malam. Yakan ce, "Ku yara ne. Mutumin nan ya nuna muku mutunci ya fi kofi. Wa ya kawo ƙwallo Yola in ba shi ba? Kafin shi ko takalmi kuna da shi?" Sai mai tireda ya ce, "Takalmi muka je ɗauka a Maiduguri?"

Haka za a yi ta awo. A ɗora yashin Binuwai da yaran da ya fitar a gefe guda, a ɗora bencin Maiduguri a ɗaya gefen. Bayansa an kawo wani mai horarwa mai fara'a, kwalejin ba ta sake leƙa ko kusa da ƙarshe ba, dattijo ya ce kun gani, mai tireda ya ce ai Malam ne ya karya zuciyar yaran. Ni ina wajen mai tireda, saboda abokina. Har kwaikwayon Malam nake yi, in sunkuya ina gyara igiyar takalmi, majalisa ta kwashe da dariya. Abu guda ne duk muka yarda da shi, masu yabo da masu suka: kunya ce ta sa ya yi.

Shekaru suka tafi, aka raba jihar, na yi aure na haihu. Sai Malam ya kwanta ciwo, aka dawo da shi gidansa na Makama. Abokina ya zo dubiya, ya ce mini washegari zai koma, aiki ya yi masa yawa. Na faɗa wa mahaifiyata haka ina cin tuwo a ɗakinta. Sai ta ce in ajiye kwanon.

Ta ce, "Ku maza da ƙwallonku. Shekara nawa kuna zagin bawan Allah nan a gindin bishiya. Ka san yaron nan gwiwarsa ta goce kafin ku tafi Maiduguri?"

Na ce, "Dada, ai da ni zan fara sani."

Ta ce, "Kai da ba ka ganin komai sai bakinka? Ya ɓoye. Ya ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando, yana tafiya a miƙe. Ubansa ne ya gane a masallaci, yana sahun baya, ya ga yadda yaron ke zaman tahiya yana karkatar da ƙafa. Uwarsa ba za ta iya zuwa wurinsa ba, ita ma ɗan farinta ne. Shi ne uban ya zo nan da kansa, ya tsaya a bakin ƙofar can, ya ce in haɗa man shanu da magani in kai wa yaron, in ce ni na lura. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan gwiwar, in aka buga da ita wasa ɗaya mai zafi, mutum da sanda zai ƙare. Na kai. Yaron kuma ya riƙe hannuna yana roƙona kada in bari babansa ya ji. Na ɗauki amanar uba, na ɗauki ta ɗa, na zauna da su."

Na ce to me ya hana Malam faɗa a gaban hukuma, ai da kalma ɗaya ta ishe shi.

Ta dube ni yadda ake duban wanda karatu bai amfana ba. Ta ce, "Ya tsaya gaban mutane ya ce yana kallon ɗansa na fari har a cikin salla? Ya ce tausayinsa ya ji? Ga shi kuma ranar wasan ya bar ɗan wani ya buga da idon sawu a ɗaure. Tashi ka je, kafin ya hau mota."

Na sami abokina da hantsi a zauren gidansu yana ɗaure jaka. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini, ban ƙara gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Ya zauna a kan dakali. Ya ce, "Ya sani?" Na ce ya sani. Ya ce, "Da ya gaya mini, fushin mako guda zan yi."

Bai tafi ba. Ya kwance jakarsa ya zauna jinya. Ni na ɗauka za a yi wata babbar magana tsakaninsu, har ina jiran labari. Da na tambaye shi, ya ce sun zauna tun azahar har la'asar, sun yi maganar damina, da wata saniya da ta ƙi cin dusa, da katangar baya da ke son gyara. Ya ce, "Na buɗe baki zan faɗa, maganar ta ƙi fitowa. Ashe ni ma ɗansa ne." Haka suka yi ta yi kullum, yana tayar da shi, yana ba shi kunu, suna maganar shanu.

Na kai labarin majalisa ina zaton musu ya ƙare. Dattijo ya ga ba Malam ɗin da yake karewa ba ne wannan. Mai tireda ya ce Allah sarki, can kuma ya ce, "To amma ɗan wani ya buga da ƙafa a ɗaure, wannan fa?" Mutum ne ya ji tsoro a kan ɗansa, ya biya da aikinsa da sunansa, ya kuma biya da shekarun da yaron ya yi yana gaishe shi kamar baƙo. Ko daidai ya yi ko kuskure, ba abin da muka yi ta aunawa ba ne a gindin maina.

Abin da ke damuna in na tuna shi ne yadda muka tabbata. Ba wanda ya taɓa cewa wataƙila akwai abin da ba mu sani ba. Mun ga minti casa'in daga bakin fili, muka yi wa mutum hisabin rayuwarsa da su. Shi ya sa yanzu in na ga kuna auna kocin da aka kora, nakan karanta in yi shiru, ni da ba a san ni da shiru ba. Kuma ina baƙin cikin shekarun nan da suka tafi a banza tsakanin mutum biyu masu son juna, alhali maganar da za ta gyara komai tana ɗakin da nake cin tuwo kullum.

Malam ya rasu kafin damina ta faɗi. Tsakaninsa da ɗansa ba wanda ya tayar da maganar Maiduguri har aka rufe masa ido. Ranar jana'iza tsofaffin 'yan wasansa suka cika unguwa, kowa na son ya sa kafaɗa. Abokina ya kama gaban makara, aka yi ta miƙo hannu a karɓe shi, ya ƙi saki. Ina bayansa ina kallon ƙafafunsa tun daga Makama har maƙabarta. Bai ɗingisa ba ko sau ɗaya.