Rabin Gashi

Duk wanda ya taɓa cin balangu a tashar Tawa ya san Kawu Illa, wan mahaifiyata, ba ya sauke nama sai ya gasu. Ko motarka ta tayar da inji, kana ihu, ba zai ɗaga kai ba. Abin da zai ce ɗaya ne: "Rabin gashi ɓanna na."

Kun tuna lokacin da jam'iyyu suka cika gari kamar fara? Wani ɗan takara ya aiko a kai masa nama yanzu-yanzu, wai yana sauri. Kawu ya ce da ɗan aiken, "Tahi ka ce mishi ɗanye kau, angulu ka cin shi. In shi na, ga mahauta can."

Wannan Kawun nawa ne ya shekara yana zubar da jini, masu maganin basir na tasha suna ɗura masa jiƙo. Allah ya isa tsakanina da su! Da muka kai shi Yamai, likita ya ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji, har ya fara taɓa gefe. Aka yi masa fiɗa. Da ya farfaɗo, ya duba ɗinkin da kyau, ya ce, "Yaron ga ya iya wuƙa. Ɗan wane mahauci na?"

Likita ya zaunar da mu ya ce wuƙa ba ta kwashe duka ba. Saura ruwan magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, da kuma gashi da wani inji da babu shi a ƙasarmu, sai Najeriya. In ba a yi ba, ciwon zai iya dawowa. Ni ina hawaye, Kawu yana dariya har ɗinki na masa zafi.

"An yi hiɗa, za a yi gashi, ruwan nan shi na yaji. Likita, ashe sana'armu guda!"

Dangi suka ce ai an yanke, a bar tsoho ya huta. Ya harare su ya ce, "Rabin gashi mi na?" Ya sayar da ragunansa da teburinsa, muka kama hanyar Yamai.

Ruwan magani ya wahalar da shi, ya yi ta amai, bakinsa ya yi gyambo, bai taɓa cewa a tsaya ba. Da muka koma karɓar na gaba, sai muka tarar da ƙofa a rufe: ma'aikata na yajin aiki, an daɗe ba a biya su ba. Kawu ya kama ƙarfen ƙofar ya ce, "Kai! Ba wanga yaji nic ce ba!" Har mai gadi ya yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, kuma har yau ban yafe wa 'yan siyasar da suke rabon kujeru a lokacin ba.

A Najeriya aka soma gashin. Kullum sai ya ce da mai injin, "Juya ni mana, gehe guda ka ke ƙonawa." Ana tsakiya inji ya lalace. Aka ce wani ƙarfe ne ya mutu, sabo yana zuwa. Muka jira har guzuri ya ƙare, bai zo ba, muka dawo Tawa.

Kafin damina ta zagayo ciwon ya dawo. Ranar da ya gane, ya kira ni, ba wasa a muryarsa. Ya ce, "Ɗiyata, ni ban taɓa yi ma kowa haka ba. Sun sauke ni ban gasu ba."

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa wannan rabin gashin shi ne kaɗai wutar da za ta taɓa ka.